Daga "Makaho" Zuwa "Mai Buƙata ta Musamman": Tarihin Sauyin Ma'ana a Hausar Gangare

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda sunayen naƙasa suka sauya ma'ana, ta yin la'akari da Hausar Gangare, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin da Hausawa suka zauna a Jos sakamakon haƙar kuza a farkon ƙarni na 20.

Hausawan da suka zo daga Kano da Zazzau da Bauchi sun taho da kalmomin makaho da gurgu da kurma da kuturu. A garuruwansu na asali waɗannan sunaye har sarauta suke ɗauka, domin akwai Sarkin Makafi da Sarkin Kutare waɗanda fada ta san da zamansu. Kazalika, kowa ya san Malam Aliyu Namangi, mawallafin Imfiraji, makaho ne, kuma faɗin haka bai rage masa daraja ba. Sai dai tun wancan lokaci akwai ƙwayar reni a karin magana, kamar "Kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano", wanda ke nuna kuɗi ne kaɗai ke sayo wa kuturu mutunci.

Abu biyu suka dagula ma'anar. Na farko shi ne yawaitar bara a birane, wadda ta sa aka riƙa jin "makaho" tamkar an ce "mabaraci". Na biyu kuwa shi ne aron sunayen wajen zagin masu lafiya, kamar a ce wa jahili "makaho". Don kauce wa wannan, sai 'yan boko da gidajen rediyo suka rungumi "naƙasasshe", musamman bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 1981 a matsayin shekarar naƙasassu. Ita ma ba ta tsira ba, saboda tana ɗauke da ma'anar tawaya. Zuwa 2019, lokacin da aka sa hannu kan dokar hana wariyar naƙasassu a Nijeriya, "masu buƙata ta musamman" ta riga ta bazu.

A zamana na Gangare na lura dattawa har yanzu suna cewa "makaho" ba da nufin muzantawa ba, alhali jikokinsu na jin nauyin furta ta. Amma sabon sunan ya haɗe makaho da kurma wuri guda, ga shi kuwa makarantar makafi ta Gindiri, wadda aka kafa a 1953, ba aikinta ɗaya da makarantar kurame ba. Saboda haka, muddin matsayin mai sunan bai sauya a idon jama'a ba, kowace sabuwar kalma za ta bi sawun ta gabanta.