Waye ya yi fuskar? Tarihin masu kwalliyar fim, daga akwatin sirri zuwa intanet

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurari muryar ba.

Bari in fara da tambaya. Idan fim ya ƙare, sunayen nan suka fara hawa sama, mu nawa ne ke tsayawa mu karanta? Yawancinmu tuni mun danna na gaba. To a cikin ƙananan sunayen nan akwai wanda ya mai da saurayi tsoho tukuf, da wanda ya zana tabon wuƙa a kumatun mugu, da wanda ya haɗa jinin da ya sa kika kau da kai. Yau tarihinsu za mu bi, mu ga yadda aka yi sana'arsu da sunayensu suka iso cikin wayoyinmu.

A farkon harkar fim a Amurka, da kwalliyar wasan dandamali ake shiga gaban kyamara, wani maiƙo mai kauri da ke tsattsagewa in mutum ya motsa fuska. Ga kuma fim ɗin ɗaukar hoto na zamanin, ba ya kama launin ja, sai ya fito da shi baƙi. Jan baki ya koma kamar an goga gawayi. Wani mai yin gashin kanti da kayan shafa, Max Factor, wanda ya isa Amurka a 1904, shi ne a 1914 ya haɗa wani mai marar kauri musamman don fim. A 1917 kuma wani Baturen Ingila, George Westmore, ya buɗe sashen kwalliya na farko a kamfanin shirya fim. Daga nan abin ya zama sana'a mai zaman kanta.

Sai dai zama sana'a daban, samun suna daban. Ku ɗauki fim ɗin Frankenstein na 1931. Ko ba ka kalle shi ba, ka taɓa ganin dodon nan mai shafaffen kai da ƙarfe biyu a wuya. Jack Pierce ne ya ƙera fuskar a kan ɗan wasa Boris Karloff, da auduga da gam da fenti, kusan awa huɗu kullum kafin a fara ɗauka. Amma ka duba fim ɗin daga farko har ƙarshe, babu sunan Pierce. Da zamani ya koma amfani da roba mai laushi, kamfanin ya sallame shi, kuma a 1968 ya mutu ba tare da duniya ta damu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Haka ma Milicent Patrick, wadda ta yi aikin zanen dodon ruwa na fim ɗin Creature from the Black Lagoon a 1954. Sunan shugaban sashen, Bud Westmore, shi ya fito a fim. Ita kuwa ta rasa aikinta, aka yi shekaru da dama kafin a koma ana ambatonta.

Kuma fa aikin akwai haɗari. A fim ɗin The Wizard of Oz na 1939, garin alminiyom da aka riƙa shafa wa Buddy Ebsen ya shiga huhunsa, sai da aka kwantar da shi asibiti, aka ba wani rawar. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ita kanta lambar yabo ta Oscar da aka fara bayarwa a 1929, sai da ta haura shekara 50 babu rukunin masu kwalliya. Sai dai kyautar girmamawa jefi-jefi: William Tuttle a 1965, John Chambers a 1969 saboda birran Planet of the Apes. Da fim ɗin The Elephant Man ya fito a 1980, aikin Christopher Tucker ya tashi babu ko sannu, sai ƙorafi ya yi yawa. Shi ne aka buɗe rukunin, Rick Baker ya fara ɗauka a 1982.

Bayan rashin suna, akwai ɓoye ilimi. A da, kowane gwani rufe akwatinsa yake, haɗinsa sirrinsa ne. Wanda ya yi fice wajen karya wannan al'ada shi ne Dick Smith, mutumin da ya mai da Dustin Hoffman tsoho ɗan shekara 121 a fim ɗin Little Big Man na 1970. Maimakon ya rufe fuskar da roba guda, sai ya yi ta gutsure-gutsure, na goshi daban, na kumatu daban, don fuska ta iya motsi. Kuma duk wanda ya tambaye shi sai ya koya masa. Rick Baker yaronsa ne. Wani matashi a Japan, Kazu Hiro, ya ga adireshinsa a mujalla ya aika masa wasiƙa, Smith ya amsa, suka ci gaba da karatu ta gidan waya. A 2018 yaron nan ya ci Oscar saboda mai da Gary Oldman ya zama Winston Churchill. Kun ga, abin da YouTube ke yi yau, mutum ɗaya ya fara shi da takarda da ambulan.

To ina labarin sunaye? A watan Oktoba na 1990, wani mai aikin kwamfuta a Ingila, Col Needham, ya rubuta ɗan shirin da zai ba mutum damar bincika jerin sunayen 'yan wasa da daraktoci da masoya fim ke tarawa. Wannan ne tushen IMDb. A 1993 ya hau shafin intanet ta kwamfutocin Jami'ar Cardiff, a 1998 Amazon ya saye shi. Masu kallo irinmu ne suka gina shi, kuma har yau mai asusu na iya tura bayani, a duba a saka. Idan ka buɗe cikakken jerin ma'aikatan Frankenstein yanzu, za ka tarar da Jack Pierce a sashen kwalliya, da bayanin cewa fim ɗin bai sa sunansa ba. Abin da kamfani ya hana shi, 'yan kallo sun biya shi.

Ni abin da ya fi tsaya min shi ne shekarar. 1990 ɗin nan dai ita ce shekarar da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, fim ɗin da ake lissafawa a matsayin mafarin Kannywood. Wato sa'o'in juna ne. Amma ka gwada neman fim ɗin Hausa da ka fi so a can. In ka yi sa'a ka ga sunan jarumai biyu ko uku da darakta. Wadda ta yi lalle da kwalliyar amarya, da wanda ya yi raunin hatsarin mota, shiru. Kuma wanda ba a rubuta aikinsa ba, da me zai nemi aiki na gaba, da me zai yi cinikin farashi?

Saboda haka ga shawarata. Ke da kike koyon wannan aiki a waya, darussa suna nan birjik a YouTube, akwai kuma makarantun intanet na biya kamar Stan Winston School. Amma ki sani, yawancin darussan a kan farar fata ake yin su. Ƙurjin da ya fito ja da shuɗi a jikin Bature, a jikinmu duhu yake yi da kumburi, don haka sai kin gwada kin gyara. Kuma ki tuna da Buddy Ebsen: gam ɗin takalmi da fentin gini ba na fuskar mutum ba ne, komai ƙarancin kuɗin furodusa. Kafin ki buɗe jakar kayanki a lokeshan, ki yi maganar yadda za a rubuta sunanki, ki kuma ɗauki hoton kowane aiki da kwanan watansa.

Mu kuma 'yan kallo, aikin da mutanen Needham suka yi ba ya buƙatar digiri. Ka dakatar da fim a ƙarshe, ka kwafi sunayen, ka shigar da su IMDb ko Wikipedia ta Hausa.

Ku faɗa mana a ƙasa: wace kwalliya ce ta fi burge ku a fim ɗin Hausa, kuma kun san wanda ya yi ta? Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.