Hasumiyar fitila: ma'anarta da yadda ake amfani da kalmar

Hasumiyar fitila dogon gini ne da ake yi a bakin teku ko kan tsibiri, da fitila mai ƙarfi a ƙololuwarsa, don matuƙan jiragen ruwa su gane inda gaɓa take da dare, su kauce wa duwatsu. Wasu kan ce hasumiyar haske. Hausa ba ta da kalma guda tilo ga wannan gini, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda ƙasar Hausa ta yi nesa da teku.

Kalmar hasumiya ita kaɗai ba ta wadatar ba. Duk wanda ya ji ta a Maradi ko Damagaram, masallaci zai fara zo masa a rai, kamar hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27, ko ta Gobarau a Katsina. Shi ya sa mai fassara labari ya kamata ya ƙara "fitila", in da hali ya ce "ta bakin teku". A Larabci kalma ɗaya ce, manara, wato wurin haske, ake kiran ginin bakin teku da na masallaci da ita.

Da Faransanci kuwa phare ake cewa. Sunan ya fito daga Faros, tsibirin da ke gaban Iskandariya a Masar, inda aka gina wata hasumiya da ta haura mita 100 a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Girgizar ƙasa ce ta rushe ta. Kalmar nan ita ce kuma ake kiran manyan fitilun gaban mota da ita, don haka sai an lura da jimla kafin a fassara.

Fitilar ba haske kawai take bayarwa ba. Kowace hasumiya da irin ƙyaftawarta, wata bayan daƙiƙa 5, wata sau biyu a jere, kuma an rubuta wannan a taswirar teku. Matuƙi ya ƙidaya, sai ya san gaɓar da yake fuskanta. Ta Mamelles a Dakar, wadda aka gina a 1864, ana hango haskenta daga nisan da ya wuce kilomita 50.

Yau jirage sun fi dogara da GPS, amma ba a kashe fitilun ba, domin na'ura tana iya lalacewa a tsakiyar ruwa. Har jiragen da ke kawo wa Nijar shinkafa da motoci ta tashar Lome, fitilun gaɓa ne ke nuna musu mashiga idan sun iso da dare.