Ciwon Gwiwa Ga 'Yan Ƙwallo: Ganewa, Magani Da Hukuncin Salla

Bismillahir Rahmanir Rahim. A ƙauyukanmu na Dindir da Maiwurno, matasa suna buga ƙwallo a busasshiyar ƙasa mai tsattsagewa, kuma gwiwa na cikin gaɓoɓin da suka fi jin rauni. Jiki amana ne, neman magani kuma Sunna ce.

A cikin gwiwa akwai guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata, waɗanda likitocin Sudan ke kira gudruf. Su ne matashi tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri. Akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, wato ribaɗ salibi, masu hana ƙashi zamewa. Akwai kuma jijiyar da ta haɗa ƙoƙon gwiwa da ƙwauri.

Idan ɗan wasa ya juya alhali ƙafarsa na kafe, guringuntsi kan yage, gwiwa ta riƙa maƙalewa. Idan ya ji ƙara, gwiwa ta kumbura cikin 'yan sa'o'i, tana sullubewa in ya taka, ana zargin jijiyar gicciye ta gaba ce ta tsinke. Zafi a ƙasan ƙoƙo kuwa yawan tsalle ke kawo shi.

Taimakon farko shi ne hutu, ɗora ƙanƙara cikin ƙyalle na minti 15 zuwa 20, ɗauri, da ɗaga ƙafa. Muna gargaɗi: kada a ja gwiwar, kada a yi mata sakiya. Mai ɗori, wato basir, aikinsa karaya ne. Hoton ƙashi ma ba ya nuna guringuntsi da jijiya, sai hoton MRI bayan gwajin likita.

Ba kowace yagewa ke buƙatar tiyata ba. Gefen guringuntsi na waje yana samun jini, yakan warke. Sau da yawa motsa jiki na ƙarfafa cinya ya wadatar. In an yi aikin jijiyar gicciye, komawa fili kan ɗauki wata 9 ko fiye, gaggawa kuwa tana jawo sabon rauni.

Game da salla, hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya ba marar lafiya sauƙi. Wanda zai iya tsayuwa ya tsaya, in sujada ta gagara ya zauna ya yi nuni. A wankan janaba, in kwance ɗaurin zai cutar, sai a shafa a kansa. Allah ne Mafi sani.