Yadda Iska Ta Koya Wa Masu Ƙera Motocin Tsere Hankali

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na tarihin ƙere-ƙere, don wanda bai samu saurare ba.

Kai mai karatu, ka san yadda hadarin farkon damina ke yi wa rufin kwano. Iska ta bi ta samansa da ƙarfi, ta shiga ta ƙarƙashi, kafin ka ce me ta yaye shi ta ajiye a gonar wani. To mota mai tsananin gudu ita ma haka take, kuma masu ƙera motocin tsere a ƙasashen Turawa sun daɗe suna asarar rayuka kafin su gane wannan.

Da farko tunaninsu guda ne: yaya za a yi mota ta ratsa iska ba tare da ta tare ta ba? Lissafin kuwa mai nauyi ne. In ka ninka gudunka sau biyu, ƙarfin da iska ke tura ka baya sai ya ninka sau huɗu, ƙarfin injin da kake bukata don ka rinjaye ta kuwa sau takwas. Shi ya sa direban da ya labta kaya a saman mota ya ɗaure da tamfol yake ganin mai na zurarewa da zarar ya taka wuta. A farkon shekarun 1920 wani injiniya mai suna Paul Jaray, wanda ya yi aiki a kamfanin Zeppelin na Jamus inda ake ƙera manyan jiragen sama masu kama da balan-balan, ya fito da siffar mota kamar ɗigon ruwa, gaba a dunƙule, baya a tsuke. Iska na zamewa a jikinta sumul. Sai dai ka duba siffar nan ta gefe: sama a gantsare, ƙasa a miƙe. Ai siffar fiffiken jirgin sama ke nan, abin da aka yi don ya tashi.

Ranar 28 ga Janairu 1938, a babbar hanyar da ke tsakanin Frankfurt da Darmstadt a Jamus, Rudolf Caracciola ya yi gudun kilomita 432 a awa guda da motar Mercedes. A safiyar ranar, abokin hamayyarsa Bernd Rosemeyer ya fito da motar Auto Union don ya wuce shi. Motar ta kuɓuce masa ta bar hanya, ya mutu nan take yana ɗan shekara 28, kuma yawancin masu bincike iskar da ta bugo daga gefe suke ɗora wa laifin.

Maganin da aka samo daga baya, in ka ji shi, sai ka ce ai ko yaro ya sani. Fitar da tafin hannunka ta tagar mota tana gudu. Ɗaga gabansa, hannu ya yi sama. Karkatar da shi, iska ta danne shi ƙasa. A 1956 wani matashin injiniya ɗan Suwizalan, Michael May, ya kifa fiffike a saman motarsa Porsche a filin tsere na Nürburgring, aka hana shi shiga da shi. Bayan shekara 10, a 1966, Jim Hall na Teksas a Amurka ya kafa ƙaton fiffike bisa sanduna biyu a bayan motarsa Chaparral. Iska ta riƙa danna tayoyin baya a kwalta, motar na shan kwana da gudun da sauran ba su iyawa. Nauyi ne na aro: yana zuwa in ana gudu, ba kuma sai inji ya ja shi kamar buhunan gero ba.

Amma labarin da na fi so ku riƙe shi ne na Porsche 917, don ku makiyaya za ku fi kowa gane shi. An fito da motar a 1969, inji kamar aljani, jiki dogo mai santsi, an yi ta don ta tsaga iska. Direbobi suka tsorata da ita. In ta haura kilomita 300 sai bayanta ya yi sakayau, tana yawo a hanya kamar saniyar da ta ɓalle, sitiyari bai da ta cewa. A tseren Le Mans na Faransa, wanda ake kwana a wuni ana yi har awa 24, wani Bature ɗan Ingila, John Woolfe, ya rasu a cikinta tun a zagayen farko na shekarar.

A watan Oktoba aka kai ta gwaji a Ostiriya. Wani injiniya ɗan Ingila, John Horsman, ya tsaya yana kallon jikin motar bayan ta dawo. Gabanta da gilashinta duk matattun ƙwari sun manne, amma ƙananan fikafikan da ke can bayanta kusan fes suke. Ya ce a ransa, in ƙwari ba su bugi wurin nan ba, to iska ma ba ta taɓa shi. Karatun sawu ke nan, irin wanda kuke yi in dabba ta ɓace. Nan take aka samo fallen alminiyom aka yanka, aka ɗaga bayan motar ya tashi kamar gangara. Direba ya fita ya dawo, mota ta natsu. Ta ɗan rage gudu a miƙaƙƙiyar hanya, amma lokacin zagaye ya ragu, don yanzu mutum na iya taka ta ba fargaba. A 1970 ta ci Le Mans, karo na farko da Porsche ta zo ta ɗaya gaba ɗaya, ta kuma sake ci a 1971. A ganina wannan rana ta fi kowace muhimmanci a tarihin nan, saboda ranar ce aka yarda a sayar da ɗan gudu a sayi natsuwa.

Daga nan aka koma ƙarƙashin mota. Kamfanin Lotus na Ingila ya siffanta cikin motarsa yadda iskar da ke bi ta ƙasa za ta tsotse ta zuwa kwalta, Mario Andretti ya zama zakaran duniya da ita a 1978. Ku masu son Peugeot ma kuna da rabo: a 1988 wata mota mai injin Peugeot ta yi kilomita 405 a awa a doguwar hanyar Le Mans, bayan shekara biyu aka saka wa hanyar kwana-kwana don a rage gudu.

Kada ka ɗauka an gama da iska. A 1999 Mercedes ta kawo sabuwar mota Le Mans, mai suna CLR, doguwa, shimfiɗaɗɗiya, ga kwamfuta ga ɗakin gwajin iska duk an bi da ita. Sau biyu ta tashi sama da Mark Webber tun kafin a fara tsere. Aka ƙara mata ƙananan fikafikai a gaba aka ce a ci gaba. Ana cikin tsere, Peter Dumbreck yana manne da bayan wata Toyota, suka hau ɗan tudu. Motar gaba ta tare masa iskar da ke danne hancin tasa, tudun ya ɗaga hancin kaɗan, iska ta samu ƙofa ta shiga ƙasa. Motar ta tashi, ta yi ta juyi a sama, ta tsallake shingen hanya ta faɗa wajen itatuwa, duniya na kallo a talabijin. Ikon Allah, ya fita da rai. Mercedes ta janye motar da ta rage mata a daren, masu shirya tseren kuma suka sauya dokokin siffar motoci, daga baya suka sa aka rage tsayin tudun da ke hanyar.