Jan Idon da Ake Kwasowa a Asibiti

A watan Yunin 1969 wani ciwon ido ya ɓarke a Akra, babban birnin Gana, irin wanda likitocin asibitin Korle Bu ba su saba gani ba. Mutum zai kwanta lafiya lau, ya wayi gari fatar idonsa ta kumbura, hawaye na zuba, jini ya kwanta a farin idon. Kafin kwana biyu matarsa da yaransa sun kamu. Da yake a watan Yulin shekarar ne Amurkawa suka sauka a kan wata cikin kumbon Apollo 11, mutanen gari suka ɗora wa wannan tafiya laifi, wai ƙurar wata aka kwaso mana. Ciwon ya riga kumbon tashi da makonni, amma wa ya tsaya lissafi? Sunan ya zauna, shi ne har yau muke cewa Afolo.

Daga Gana ya bi gaɓar teku ya shigo Najeriya. A 1971 ya game Indiya da Japan, kuma a Japan ɗin ne Reisaku Kono da abokan aikinsa suka gano ƙwayar bairos da ke kawo shi, wadda aka sa wa suna enterovirus 70, dangin ƙwayar shan inna. Wata 'yar uwarta, coxsackie A24, ta yi irin wannan ɓarna a Singafo a 1970. Nahiyar Amurka sai a 1981 ya same ta.

Na yi aikin jinya a sashen ido, kuma ba Afolo ne ke hana mu barci ba. Shi dai ya cika mana baranda da masu baƙin tabarau, ya shiga yau ya fita cikin mako ɗaya ko biyu, galibi bai bar tabo ba. Idon da muka ga ya lalace a lokacinsa, abin da aka zuba masa ne ya lalata shi: ruwan sukari, nonon uwa, ruwan batir, fitsari. Fitsarin mai ciwon sanyi kan huda ido cikin 'yan kwanaki. Wanda muke tsoro wani jan idon ne daban, ya girmi Afolo da shekara tamanin a littattafan likitoci, kuma babban wurin yaɗuwarsa shi ne asibitin idon kansa.

A 1889 Ernst Fuchs, likitan ido a birnin Biyana, ya bayyana wani jan ido da ke barin ƙananan ɗigo-ɗigo farare a tantanin da ke saman baƙin ido. An daɗe ana ganinsa nan da can. Sai a 1941 ya nuna ƙarfinsa a wuraren ƙera jiragen ruwa na Pearl Harbor a tsibiran Hawayi, inda ya kama kimanin mutum 10,000, sannan ya tsallaka zuwa gaɓar yammacin Amurka. Aka yi ta zargin walda da ƙurar ƙarfe, har aka riƙa kiransa ciwon idon masu ƙera jirgi. Gaskiyar ba ta yi wa likitoci daɗi ba. Mai walda ɓurɓushin ƙarfe ya faɗa masa ido, ya je ɗakin shan magani na ma'aikata, a buɗe masa ido da yatsu, a ɗiga masa maganin kashe zafi daga kwalbar da aka ɗiga wa na gabansa, a cire ƙarfen da kayan aikin da aka cire wa wancan. Ya tafi yana godiya. Bayan kwana takwas ko goma ya dawo da ido jajir, da kaluluwa a gaban kunne.

Wannan tazara ita ce ta daɗe tana rufe asirin. Afolo kwana ɗaya yake yi a jiki ya bayyana, kowa ya san inda ya ɗauko shi. Wannan kuwa sai ya yi mako ko fiye, lokacin mara lafiya ya manta da kujerar da ya zauna, likita ma ya manta da shi.

A 1955 Ernest Jawetz ya ware ƙwayar a San Francisco daga idon wani ma'aikacin jirgin ruwa: adenovirus nau'i na 8. Daga baya aka gano na 19 da na 37 ma suna yi. Ƙwaya ce mai taurin kai. Ba ta da rigar kitsen nan da sifirit ke narkarwa a jikin wasu ƙwayoyin, saboda haka shafa auduga da sifirit sama-sama ba ya kashe ta. Tana iya yin makonni a bushe a kan roba ko ƙarfe: mariƙin ƙofa, hannun kujera, murfin kwalba, wurin ɗora haɓa da goshi a jikin na'urar duba ido. Har yau babu maganin da ke kashe ta a ido. Sai dai a sanyaya, a wanke, a jira. Ɗigon nan farare kan yi watanni, wani lokacin shekaru, direba ya kasa tuƙin dare don fitilun motoci na tarwatse masa a ido.

Babban mai laifi a cikin kayan aiki shi ne ma'aunin ƙarfin ido, wanda ake gwada masu hawan jinin ido da shi. Akwai na Schiötz, ɗan ƙasar Nowe, da ya fito a 1905, ƙarfe ne mai 'yar sanda a cikin bututu, ana ɗora shi kai tsaye a kan ido, kuma a ƙananan asibitocinmu bai gushe ba. Hawaye kan shige bututun ya maƙale, in ba a kwance shi an wanke sandar da bututun ba, aikin banza aka yi. Akwai kuma na Goldmann da ya zo daga Switzalan a shekarun 1950, mai ɗan kai na roba da ke taɓa ido. Ka duba lamarin: dattijo ya zo da ido fari tas don a auna shi kada ya makance, a sallame shi da ciwon da bai zo da shi ba, ya kai wa jikoki ta tawul da buta da tsinken kwalli.

Ƙa'idojin da aka tsayar a hankali babu mai tsada a cikinsu. Manyan asibitocin ido irin Wilmer na Baltimore da Moorfields na Landan sun rubuta yadda suka rage yaɗuwar, kuma kan gaba shi ne raba mai jan ido da sauran jama'a tun daga ƙofa, a gan shi a ɗaki dabam da kayan aiki dabam. Kada a auna ƙarfin jan ido sai dole. Kan ma'aunin Goldmann a jiƙa shi minti biyar zuwa goma a ruwan bilic, kashi ɗaya cikin goma, a ɗauraye sosai a shanya, don bilic ɗin ma yana ƙona ido, in kuma ya daɗe a ciki yana fasa robar. Kwalbar ɗigo kada bakinta ya taɓa gashin ido, wadda aka buɗe a ɗakin jan ido kada ta fita. Sai wanke hannu da sabulu tsakanin mutum da mutum, ko an sa safar hannu. Masu hali yanzu suna da kan ma'auni na amfani sau ɗaya a yar.

Mu ɗakin dabam ba mu da shi. Benci muka ware a ƙarshen baranda, muka koya wa mai ba da kati ya dubi idon mutum kafin ya dubi takardarsa. A nan ake rigima. Wani dattijo da na ce wa, “Baba, ku yi haƙuri, ku koma wancan bencin,” ya ɗago ya ce, “'Yata, kuturu kika mai da ni?” Sai da na nuna masa layin waɗanda aka yi wa aikin yanar ido jiya, kowa da filasta a fuska, sannan ya ɗauki sandarsa ya koma. Abin mamaki, mutanen da ke kau da kai don sun yarda kallon mai jan ido ke sa a kamu, su ne za su miƙa masa hannu a gaisa, su karɓi hankicinsa.

Ƙa'idar da ta fi wuya ta ma'aikata ce. Wanda ya kamu yana iya baza ƙwayar har kusan mako biyu, don haka likita ko nas da idonsa ya yi ja gida ya kamata ya zauna. A Japan doka ce ma ta hana ɗan makaranta mai wannan ciwo shiga aji sai likita ya sallame shi. A asibitin da likitan ido ɗaya ne tak, ga mutane sun yi sammako daga ƙauyuka sun biya kuɗin mota, faɗin haka ya fi aikata shi sauƙi. Sau da yawa sai a ga likitan ya sa baƙin tabarau ya zauna aiki, ya ce zai kiyaye. A ganina gara a ɗage masu awo da masu neman tabarau, a bar ƙofa a buɗe don masu rauni da waɗanda aka yi wa aiki kaɗai, har makonni biyun su cika.