Daga Ina Kalmar "Funnies" Ta Samo Asali?

A watan Yulin 1945 masu rarraba jaridu a birnin New York suka shiga yajin aiki, jarida ta daina isa gidaje. Magajin garin, Fiorello La Guardia, ya zauna gaban makirufon gidan rediyon WNYC yana karanta wa yara labarin Dick Tracy, har da kwaikwayon muryoyi. Irin shafin da ya karanta ɗin, na labarai cikin zane, Amurkawa na kiransa "the funnies".

Tushen kalmar shi ne "funny", wato abin ban dariya. Ana ce wa shafukan "funny papers" ko "funny pages", har baki ya gutsure sunan ya bar "funnies". Kalma ce ta hirar gida, ta yaro mai jiran mahaifinsa ya zare masa shafinsa daga jaridar Lahadi.

Shafukan kansu gasar kasuwa ce ta raine su. A 1895 jaridar New York World ta Joseph Pulitzer tana buga zanen Richard Outcault mai suna Hogan's Alley, wanda tauraronsa wani yaro ne mai aski ƙwal-kwabo da doguwar riga rawaya, ana rubuta maganarsa a jikin rigar. Shi ne Yellow Kid. A 1896 William Randolph Hearst ya janye Outcault zuwa jaridarsa, New York Journal, Pulitzer kuma ya sa wani mai zane ya ci gaba da nasa, aka wayi gari yaro ɗaya yana fitowa a jaridu biyu masu gaba da juna. A lokacin sunan ya dace, domin barkwanci ne zalla: ƙiriniyar yara da raha a unguwannin talakawa.

Daga 1929 abin ya sauya. Tarzan da Buck Rogers suka shigo da labaran kasada, a 1931 kuma Dick Tracy ya zo da ɗan sandan ciki mai farautar 'yan ta'adda, ana harbi ana mutuwa. Dariya ta ragu a shafin, amma sunan bai gusa ba. Har ma ya bi zanen zuwa mujalla: Famous Funnies, wadda ta fito a 1934 a kan santi 10, tana cikin littattafan zane na farko da aka sayar a teburin jarida.

Sunan ya jawo wa sana'ar raini. Wanda ya ji an ce abin dariya ne, da wuya ya ɗauke shi adabi, shi ya sa aka daɗe ana kallon masu zanen a matsayin masu faranta wa yara rai kawai. Sai a 1992 aka ba Art Spiegelman kyautar Pulitzer ta musamman saboda Maus, littafin zane kan abin da mahaifinsa ya gani a hannun 'yan Nazi. Kyautar tana ɗauke da sunan mutumin da jaridarsa ta fara buga Yellow Kid.