Mayaƙi, Boka da Ɓarawo: Nazarin Daidaita Halin Mutum da Jaruman Wasannin Almara

Gabatarwa

Wasannin almara na kwamfuta da waya, waɗanda ɗan wasa ke shiga rigar wani jarumi ya tafi neman dukiya ko yaƙar dodanni, sun haifar da wata ɗabi'a tsakanin matasa: ɗaukar mutum na gaske a laƙaba masa ɗaya daga cikin jaruman wasan. A majalisar samari a Totsi, kamar sauran unguwannin Lome da ake jin Hausa, ana iya jin an ce wane mayaƙi ne saboda zafin zuciyarsa, wane kuma boka ne don ba ya son hayaniya. Wannan nazari ya duba tushen rabe-raben, ya gwada su da tsarin ayarin fatake da na zango, domin a gane abin da suke aunawa a jikin mutum da abin da ba sa iya aunawa.

Tushen rabe-raben

A shekarar 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka da nau'in jarumai uku: mayaƙi, boka mai tsafi, da malamin addini mai warkar da raunuka. A 1975 aka ƙara ɓarawo, gwanin sanɗa da buɗe makulli. Kowane jarumi ana auna shi da abubuwa shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, kaifin ƙwaƙwalwa, hikima da kwarjini. Akan jefa ƙwayoyi uku irin na ludo, makin kowane ya faɗo tsakanin 3 da 18.

Abin lura shi ne masu ƙirƙirar wasan sun ware wa ɗabi'a ma'auni na daban. Zuwa 1978 ma'aunin ya kai gida tara, gwargwadon yadda jarumi ya karkata ga alheri ko sharri, ga bin doka ko fandarewa. Ke nan ana samun mayaƙi adali da mayaƙi azzalumi, ana samun ɓarawo mai tausayin talaka. Waɗanda suka ƙirƙiro nau'o'in sun tsara su ne don rabon aiki a cikin tawaga: wannan ya tare duka, wancan ya yi jinya, ɗayan ya leƙo hanya.

Ayarin goro

Bahaushe ya san irin wannan tawaga tun kafin wasan. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja domin sayo goro, ya ratsa ta Sansanin Mango da ke arewacin Togo ta yau, tafiyar watanni. Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan fataucin goro, ya bayyana shugabancin ayarin. Madugu ne uban tafiya, shi ke yanke shawara da sasantawa da sarakunan hanya. Jagaba yana gaba, yana duba hanya da wurin yada zango. Uban dawaki ke tara kuɗin fito da ake biya a garuruwa. Malamin ayari kuwa yana riƙe da rubutu da addu'a.

Duk wanda ya san wasan zai ga kamannin nan take, musamman tsakanin jagaba da mai leƙen hanya, da tsakanin malamin ayari da mai warkarwa. Sai dai fatake ba su ɗauki muƙaman a matsayin halin da aka haifi mutum da shi ba. Yaron da ya fara da kora jaki yana iya zama jagaba idan ya haddace hanya, jagaba kuma ya zama madugu idan ya tara jari da amana. Gurbi yana sauyawa da shekaru da gogewa.

Zangon Lome

Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 'yan kasuwar garin suka watsu zuwa Kete-Karachi da garuruwan bakin teku, Lome kuma ta zama hedikwatar mulkin Jamus a Togo a 1897. Michel Agier, wanda ya nazarci zangon Lome a littafinsa na 1983, ya nuna yadda kasuwancin shanu da goro ya dogara ga mai gida da yaransa. Baƙo ya sauko da shanu daga arewa, mai gida ya ba shi masauki da abinci, dillali ya haɗa shi da mahauci. Mahaucin ya karɓi sa bashi, mai gida ya tsaya masa. Idan mahauci ya ƙi biya, mai gida ne zai fidda kuɗin daga aljihunsa, in ba haka ba baƙon ya koma wani gida a zuwa na gaba. An rushe tsohon zangon a 1977 aka mayar da mutanensa arewacin birni, amma irin wannan hulɗa ta bi su can.

A nan ma gurbi ɗaya yana ɗaukar mutane masu hali mabambanta. Dillalai biyu na iya zama daidai wajen iya baki da sanin farashi, ɗaya ya faɗa wa baƙo ainihin kuɗin da aka sayar, ɗayan ya yanke wani abu ya ɓoye. A ma'aunin wasa makinsu na kwarjini ɗaya ne. 'Yan zango kuwa sun san wanda za su tura wa baƙonsu.

Ma'aunin Bahaushe

Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki, ya lissafa siffofi goma da Hausawa ke auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Hikima kaɗai ce ta shiga jerin shida na wasan. Sauran tara ba a gane su sai ta zama da mutum, a bashi, a rabon gado, a tafiya, a lokacin fushi. Shi ya sa ake cewa hali zanen dutse, alhali sana'a ana koyonta ana barinta.

Daidaita mutum da jarumin wasa yana da amfaninsa. Yana koya wa matashi cewa tawaga ba ta tafiya da mayaƙa zalla, kuma mai shiru-shiru yana da gurbinsa. Illar tana zuwa idan laƙabin ya zama hukunci: yaron da aka saba kira mayaƙi ya ɗauki rashin haƙuri abin ado, wanda ake kira ɓarawo da wasa ya fara jin wayo ya fi amana daraja.

Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa nau'o'in jaruman wasa suna bayyana iyawa da gurbin aiki, kamar muƙaman ayari da na zango, kuma masu ƙirƙirar wasan da kansu sun raba su da ɗabi'a. Ya kamata iyaye da malaman makarantun Totsi su san wasannin da 'ya'yansu ke yi, su yi amfani da su wajen gano baiwar kowane yaro, sannan su ci gaba da auna halinsa da gaskiya da riƙon amana.